Kwabon Mahaifina Marar Huda

Shekarun baya, lokacin da wayar salula ta fara shiga hannun kowa, Abuja kuma duk inda ka waiga gini ake yi, ina ƙaramin ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya. Mahaifiyata tana unguwar Dutse Alhaji da ke gefen Abuja, a gidan da mahaifina ya rasu ya bar mu.

Cikin ɗan abin da ya bari akwai wani tsohon kwabo na tagulla, irin na kafin naira. Duk wanda ya riski wannan kwabon ya san da huda yake a tsakiya. To, nasa babu. Tun yana saurayi aka ba shi a canji a kasuwar Zariya, ya ƙi kashewa. Abokansa 'yan kasuwa sun sha tsokanarsa, wai duk wayon Bazazzagi an ci shi da jabu. Shi kuwa ya kafe cewa na gwamnati ne, injin buga kuɗi ne ya yi mantuwa. In yana hira yana murza shi da babban yatsa, har kwabon ya yi baƙi ƙirin. Ya koma ga Allah ba wanda ya gaskata shi, kuma abin yana damun mahaifiyata fiye da yadda take nunawa.

Wata rana wani abokina a ofis ya ce ya san wani Bayerabe mai sayen tsofaffin kuɗi, kuma wanda aka yi kuskure wajen bugawa shi ya fi tsada. Kafin ya rufe baki har na zaɓi launin mota a raina. Na buga wa mahaifiyata waya na ce ta fito da kwabon, ranar Asabar zan zo da baƙo ya duba.

Ban ce mata kada ta taɓa shi ba, don ni ma ban sani ba. Ita kuwa mace ce da ko gindin tukunyarta ba ta yarda maƙwabta su gani da baƙi, balle kayan maigidanta a gaban baƙo. Ta samo toka da lemun tsami, ta zauna ta dirje shi son ranta. Da muka iso ta kawo shi a kan faranti, yana ƙyalli kamar sabon ɗan kunne.

Mutumin yana gani ya dafe kai. Ya dai daure ya fito da ɗan ƙaramin sikeli da gilashin ƙara girma. Ya duba gefe ko zubi aka yi, ya duba tsakiya ko hudar aka cike. Ya auna, ya ce ya ɗan fi 'yan'uwansa nauyi, daidai da tagullar da ba a huda an cire ba. Sannan ya juyo gare ni ya ce baƙin nan da aka wanke shi masu saye suke nema, toka kuma ta kakkarce fuskar, farashi ya faɗi warwas. Nan take motata ta mutu tun ba a tayar da ita ba.

Mahaifiyata ta gyara zama. "Bawan Allah, ni ba ciniki na tambaye ka ba. Na gaske ne ko jabu?"

"Mama, orijinal ne," in ji shi. "Gwamnati ne ya buga. Baba bai yi ƙarya ba."

Ta share ido da bakin mayafi, ta ce in saka takalmina. Ranar sai da na bi shagunan abokan mahaifina da suka rage ɗaya bayan ɗaya na isar da saƙo, tana biye da ni don kada in rage ko kalma ɗaya.

Na daɗe ina jin zafin wankin nan, ba don kuɗin kaɗai ba. Baƙin da ta goge sawun yatsan mahaifina ne. Yanzu ita ma ta bi shi, kuma wallahi ina kewarta. In na ɗauko kwabon, karcen da aka ce ya ɓata shi nake nema, don nan hannunta ya bi. Ga shi tagullar ta soma yin duhu, karcen yana ɓuya a hankali, kuma na san in na goge duhun don in ga karcen, shi ma zan share shi.