Ranar da Dattawa Suka Zauna a Kan Faifan Mai Saksofon

Akwai wata ranar Lahadi a Kafanchan da ba na jin zan manta da ita muddin ina numfashi, ko da yake dole in faɗa tun yanzu cewa shekaru sun ja, ƙwaƙwalwata kuma ba kamar da ba. Wataƙila na sa maganar wani a bakin wani. Shekarar ma ba zan rantse a kanta ba. Tsakiyar shekarun saba'in ne dai, ban daɗe da gama jami'a ba, ina koyarwa a wata sakandare kusa da gari. Amma ainihin abin da ya faru ina da tabbaci a kansa, gwargwadon yadda mutum irina yake iya samun tabbaci a kan wani abu.

A jami'a na kamu da son kiɗan jaz. Da na dawo gida sai na ji cewa kafin yaƙin basasa akwai wani mutum a garinmu da yake busa saksofon, irin babban nan mai kaurin murya da ake kira tena, a kulob ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa duk ranar Asabar. Ya rasu tun ina makarantar kwana, kuma bai taɓa yin faifan sayarwa ba. Amma wani akawun jirgi, mutumin Gabas, yana da rikoda irin mai manyan faifai biyu, yakan ajiye ta kusa da makaɗa ya naɗi wasan yadda yake, da tafi da ihu da ƙarar kwalabe. Da ya bar gari cikin gaggawa, faya-fayan suka watse a hannun maƙwabta.

Na shiga nemansu kamar wanda aka ɗora wa aikin. Na sami ɗaya a Fadan Kaje cikin rumbu, yana ƙamshin citta, amma ruwa ya riga ya lalata shi. Na bi labarin wani har Kagarko, na tarar manomin da yake hannunsa ya warware zaren tef ɗin ya shimfiɗa shi a kan sanduna a gonar gero don korar tsuntsaye. Ya gaya mini cewa tun da ya ɗaura shi ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba, saboda haka mai busar nan lalle ya iya aikinsa. Na yi masa godiya na kama hanya. A ƙarshe faifai guda kawai na samu lafiyayye, a wurin wani mai gyaran rediyo a kasuwar Kafanchan, shi ne kuma ya haɗa ni da wata tsohuwar rikoda. In wannan faifan ya tafi, busar mutumin nan ta tafi ke nan har abada.

Na kunna shi a ɗakina. Busa ce mai nauyi, a hankali, kamar ta mutumin da yake kuka ba ya son a gani. Na zauna na rubuta shafi goma sha biyu a kan baƙin cikin da ke cikin kiɗansa, har na danganta shi da halin da ƙasa take ciki a lokacin, ko da yake na sa "mai yiwuwa" a kusan kowane layi. Abu ɗaya ya dame ni. Akwai muryoyin 'yan kallo a faifan, masu kauri, kamar ana magana daga cikin rijiya, ni kuma ina so in rubuta a katin bayanin faifan ko su wane ne. A jami'a an koya mana kada mu rubuta abu sai da shaida. Saboda haka na ɗaure rikoda a bayan keke, na nufi gidan kawuna.

Kawuna tsohon fita ne, wato makaniki, a loko, inda ake gyaran kan jirgi, kuma a lokacin dattijo ne a ikilisiyarmu. Don girmamawa ban sa masa kiɗan ba, sai hayaniyar mutane da ke farkon faifan.

"Kawu, don Allah ko za ka gane mai ihun nan?"

Ya saurara kaɗan ya ce, "Kashe. Ni ƙafana bai taɓa taka ƙofar wurin nan ba. Amma ka je ka tambayi shugaban mawaƙan coci, kamar maƙogwaronsa ne."

Na je. Shugaban mawaƙa ya dafe ƙirji. "Ni, Tica? Ni da nake waƙar Ubangiji tun ina da haƙoran nono? Wannan ai kawunka ne. Ko kuwa Sakataren ikilisiya."

Mai hankali da ya tsaya a nan. Ni sai na ga cewa shaidu sun saɓa, don haka ana bukatar ƙarin shaidu. Gida bakwai na shiga, in ban yi kuskure ba. Kowa bai taɓa zuwa kulob ba, kowa kuma ya gane muryar maƙwabcinsa. Kafin Jumma'a magana ta cika kasuwa cewa Tica yana da wani inji da yake kiran sunan duk wanda ya sha ya yi rawa kafin ya tuba. Wata mai ƙosai da nake saye a wurinta kullum ta hango ni ta rufe kwanonta ta juya baya. Ranar Asabar takarda ta iso daga dattawa: in kawo faifan bayan sujada.

Muka taru da rana a ƙaramin ɗakin da ke bayan majami'a. Akwai Fasto, wanda baƙo ne a garin, bayan yaƙi aka kawo shi, don haka shi kaɗai ne yake zaune da natsuwa. Akwai dattawa shida, da kuma Mama shugabar zumuntar mata, gwauruwa, mace marar wasa, wadda ko tarin ta ya isa ya sa yara su miƙe zaune a coci. Abin da ya fara kama idona shi ne kwalbar kananzir da ashana a ƙarƙashin kujerar Sakatare.

"Maganan ba shi da tsawo," in ji Sakatare. "Abu ne na duhu, yana kawo tuntuɓe. A ƙone shi mu je mu ci abinci."

Na miƙe zan kare kaina. Na shirya dalilai biyar, amma na fara da cewa mai yiwuwa suna da gaskiya ta wani fanni, daga nan kuma ban ƙara samun hanyar dawowa ba. Fasto ne ya cece ni. Ya ce shi ba zai yanke hukunci a kan abin da bai ji ba, a kunna.

Na kunna. Busar ta fito a hankali, mai nauyi, yadda na saba jin ta. Na sunkuyar da kai ina addu'a baƙin cikinta ya taɓa zukatansu. Da na ɗago sai na ga kawuna yana mutsu-mutsu kamar cinnaka ya shiga wandonsa. Shugaban mawaƙa yana buga yatsa a gwiwa, amma yatsan yana riga kiɗan, sai ya tsaya ya jira shi, ya sake farawa, ya sake riga shi. Aka yi kamar minti uku a haka.

"Kai, kashe wannan abu!" Kawu ya daka tsawa. "Wane ne ya mutu?"

"Kawu, ai haka yake busawa. A ganina, wato, baƙin ciki ne yake..."

"Baƙin cikin wa? Wannan waƙa da gudu ake yinsa! In ya kawo nan wurin, ƙafa ba ya taɓa ƙasa!"

Duk idanu suka koma kan Kawu. Fasto ya juyo a hankali ya ce, "Baba, a ina ka sani?"

Kawu ya dubi rufin ɗaki. "An faɗa mini."

"Gaskiya ne," in ji shugaban mawaƙa da sauri. "Ni ma an faɗa mini."

Amma Kawu ya riga ya hau, ba ya iya sauka. Mutum ne da ya yi shekaru yana sauraron injin jirgi, kunnensa ba ya jure abin da yake tafiya ba daidai ba. Ya janyo rikodar, ya kwance bayanta da 'yar wuƙarsa, ya zaro wani bel na roba da ya saki kamar tsohuwar zariya. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Jami'a!" ya ce. "Shekara uku a jami'a, ba ka san inji yana jan ƙafa ba!"

Fasto, ban san ko don son gaskiya ba ne ko don son ganin ƙarshen abin, ya aika aka ɗauko tsohon tib na taya daga jakar kekensa. Kawu ya yanko siririyar roba, ya gwada, ya rage, ya ɗaura. Sannan ya danna da kansa.

Abin da ya fito ban taɓa jin sa ba, ni da na kwana da faifan nan wata biyu. Saksofon ɗin ya tashi kamar jirgin da ya sami gangara, yana dariya, yana tsokanar mai ganga, yana tsayawa cak sannan ya sake fyaucewa. Babu ko ɗigon hawaye a cikinsa. Shafina goma sha biyu suka mutu a wurin, ni kaɗai na san an yi rashi.

Sai dai gyaran ya zo da nasa bala'in. Muryoyin nan na cikin rijiya suka fito fes. Ga Kawu yana ihu, "Ƙara wuta! Ƙara wuta!" Ga shugaban mawaƙa yana bin busar da muryar da dukanmu muka ji da safen nan tana jagorar waƙar shiga. Ga Sakatare, ba wanda zai yi musu, yana kiran a kawo kwalba biyu masu sanyi. Na ga hannunsa ya sauka a hankali yana lalubar kananzir. Sauran dattawa suka dubi juna, na ga sun yarda ba tare da magana ba. A zuciyata na riga na yi ban kwana da faifan.

Ana cikin haka sai wata dariya ta fashe daga rikodar, dariyar namiji, mai faɗi, sannan muryar ta ce, "Amaryata, ajiye jakan nan, zo mu taka!"

Mama ta ɗaga hannu. "Tica. Koma baya."

Na mayar. Dariyar ta sake fitowa. Ta ce in sake, na sake. Sau uku, ko huɗu. Ba ta yi kuka ba, iyakar abin da na gani shi ne ta kama bakin gyalenta ta riƙe.

"Baban yara ne," ta ce. "Shekara tara ban ji wannan dariya ba. Hoto ɗaya ne ya bar mini, hoto kuma ba ya dariya." Ta juya wurin Sakatare. "Ni ne amaryan. Na ajiye jaka, na taka, da jan takalmi. Rubuta, tun da kai ne mai rubutu. In ka gama ka rubuta naka kwalba biyu a ƙasa."

Ta miƙe, ta sa na cire faifan, ta karɓa ta ɗora a cinyarta ta rufe da hannu biyu. "Wanda zai ƙone shi ya zo ya karɓa a nan."

Ba wanda ya motsa. Sakatare ya tura kwalbar kananzir can ƙarƙashin kujera da diddige, ya ce shi dama fitilar gida ya saya wa.

Fasto ya yi gyaran murya, ina jin dariya yake haɗiyewa. Ya ce magana ce mai zurfi, ba a gaggauta irinta. Ya naɗa kwamiti na duk waɗanda suke ɗakin su ci gaba da bincike, faifai ya zauna a hannun Mama, Tica ya riƙa kawo rikoda. Kwamitin ya zauna a tsakar gidanta ranar Asabar ta gaba, da wadda ta biyo, da kunu da gyaɗa. A zama na uku Kawu ya tashi ya nuna wa Fasto yadda ake takawar, don bincike kawai, bisa ga abin da aka faɗa masa. Iyakar sanina kwamitin bai taɓa miƙa rahoto ba.

Abin da na koya, in har na fahimce shi daidai, shi ne wannan. Ni na ɗauka kiɗan wani mamaci nake tarawa, ashe kuruciyar rayayyu ce nake yawo da ita a bayan keke, ina buga musu ƙofa su zo su ba da shaida a kan kansu. Irin wannan abu na masu shi ne kafin ya zama na mai bincike, su ne kuma suka san yadda sautinsa yake. Da ban gamu da kunnen Kawu da ƙarfin halin Mama ba, da na rasa faifan, ko kuwa na adana shi ina koya wa mutane kuka a kan waƙar rawa.

Yawancin waɗanda suke ɗakin nan sun riga mu gidan gaskiya, amma na san akwai sauran masu shaida a Kafanchan da kewaye. Duk wanda ya ga na yi kuskure, ko a yawan dattawan, ko a wanda ya faɗi wace magana, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara. Wanda kuma ya san wani abu game da Asabar ɗin kulob, shi ma ya rubuto. Ba zan tambaye shi ko yana wurin ba. Ya ce an faɗa masa, ya isa.