Chinimaya Ta Ɗaga Kai

A duk tsawon rayuwar Chinimaya sau ɗaya aka taɓa kayar da ita a gardama, kuma kalanda ce ta yi mata wannan aika-aika.

Ranar ana tafka ruwa, mata sun cika shagon shayin Maili, ƙanwar marigayi mijinta, kowace na shanya zane a bakin murhu. Maili ta rataye sabuwar kalandar da wani direba ya ba ta. Hoton jikinta na wani dutse ne fari fat, kansa a tsage kamar an sara masa gatari, sama shuɗiya a bayansa. Maili ta ce ai wannan can ƙarshen kwarinmu ne, saitin masaukin ƙarshe.

Chinimaya ta dire kofi. "Wane kwarin? Ke da ba ki taɓa wuce gadar igiya ba? Wannan ƙasar Turawa ce, ko kuma zane ne."

"Matar yaya, direban ya ce an rubuta a ƙasa."

"An rubuta! Ke kika iya karatu ko ni? Makauniya na jan makauniya. Na hau hanyar nan da tukunyar gas, na hau da katifa, na sauko da wani ƙaton Bature mai gudawa a cikin kwando yana kiran uwarsa. Babu dutsen da tafin ƙafata bai gaisa da shi ba. In akwai wannan abu a can, ki aske min ɗan gashin da ya rage."

Maili ta taso. Ta matsa kusa, ta kanne ido, ta ɗora yatsa can ƙasa a kusurwar hoton, inda wata 'yar halitta ke tafe a duƙe ƙarƙashin kwando kamar tururuwa da ƙwayar masara.

"To wannan fa? Silifas ɗin nan, ɗaya shuɗi ɗaya ja, na wace ce a garin nan?"

Aka yi dariyar da sai da wata ta ƙware da shayi. Chinimaya ta duba, ta sake dubawa. Silifas nata ne, facin zani nata ne. Ga ta nan a gindin dutsen da ta rantse babu shi, ta juya masa ƙeya. Ba a aske ta ba, don Maili ta ce abin da ya rage bai kai a ɓata reza ba. Amma daga ranar sunanta ya koma Uwar Kalanda.

Ba ƙarya ta yi ba, kuma ba makauniya ba ce. Laifin namlo ne, maɗaurin nan da ake zagaya wa kwando a ɗora a goshi. Tun haƙoran gabanta ba su gama fitowa ba aka ɗora mata shi, ciyawa da itace. Da sanyin ƙirji ya ɗauke mijinta ta ciro nasa daga ƙusa ta shiga sahun masu dakon Turawa, lokacin da mace a wannan sahun abin nuni ce da baki. Mai namlo ba ya kallon sama. In ya ɗaga kai kaya su ja shi baya, kwari kuma ba ya mayar da abin da aka ba shi. Turawan ma da dunduniya ta san su: wannan mai jan safa zai yi kuka kafin rana ta take, wancan mai siririn ƙwauri zai riga kowa isa ya fi kowa amai. In an tsaya hutu, ido yana kan ƙafa ana cire matsattsaku. In an isa masauki, masu dako su zagaya ta baya, su zauna a kicin cikin hayaƙi har baƙi su gama ci, su kwanta a ɗakin ajiya da ba shi da taga, su riga kowa fita da safe kai a ƙasa. Ta san akwai wani fari a can sama, kamar yadda kowa ya san akwai rana. Wa ke tsayawa ya ƙare wa rana kallo?

Ta daina dako da gwiwoyi suka fara yi mata gunaguni. Da ba don kalandar nan ba, da ta ƙare a bakin murhu tana zagin kajin maƙwabta kamar sauranmu. Amma abin ya tsaya mata a wuya kamar ƙashin kifi. Mutane su ƙetaro teku, su bar gadonsu mai laushi, su zo su yi amai a hanya don su ga wani abu, ita kuwa ta kai su har bakinsa ta koma ba ta gani ba. Ta ce sai ta gani. Kuma ba a tsaye a bayan kicin ba. A zaune, a ɗakin cin abincin masaukin ƙarshe, a bencin da ke jikin babbar tagar nan da ta sha wucewa ta ƙarƙashinta.

Akwai wata jar jakar goyo da wata Baturiya ta bar mata shekarun baya, kaza ce ke ƙwai a ciki. Ta kori kazar, ta kakkaɓe jakar, ta zuba bargo da garin sha'ir da barkono. Da ruwan sama ya ɗauke, sama ta washe, sai ga ta a ƙofar shagon Maili da jaka a baya.

"Wa ya mutu?" in ji Maili.

"Babu."

"Wa ke aure?"

"Babu."

"Ziyarar ibada za ki?"

"Yawo za ni."

Maili ta saki ludayi. "Matar yaya, yawo a dutse ai na Turawa ne da mahaukata."

"To zaɓa min ɗaya, ina sauri."

Tun kafin ta bar gari ta gane jakar nan makira ce. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Chinimaya ta ji kanta tsirara, tana tangaɗi kamar wadda ta sha giyar gero tun da safe, kafaɗu na ƙorafi, goshi na neman abokinsa. Ta tsaya ta ƙara dankali, ta ƙara wani dutse daidai kan jariri, ta ɗan ji dama. Da ta iso gadar igiya, iska na kaɗa ta, kogi na ruri a ƙasa, sai hannunta ya tafi ƙugu da kansa. Namlo na nan, ta yi ɗamara da shi don kada ya yi kaɗaici a gida. Ta zagaya shi a jakar, ta ɗora a goshi. Sabo turken wawa. Nan take ƙafa ta dawo tata, ta haye gada kamar budurwa, ta kama hawa tana wuce samari.

A haka Birkha ya same ta, a katangar da masu dako ke jingina kaya su huta. Tsohon abokin sahunta ne, har yanzu yana ɗauka, da haƙori biyu da baki ɗari.

"Didi, babbar yaya! Ashe kin dawo aiki? Wane irin Bature ne wannan mai kaya kamar na jinjiri?"

"Nawa ne."

"Na sani, naki ne Baturen. Ina yake?"

"Ni ce Baturen, tsohon biri."

Birkha ya dube ta daga namlo har silifas. "To, ranki ya daɗe, me kika gani tun safe?"

Ta lissafa a zuci. Duwatsun hanya ta gani. Kashin alfadarai ta gani. Wani takalmi da ya yage ta gani. Ta fizge namlon daga goshi ta wurga masa a cinya.

"Riƙe. Naka ya ruɓe kamar bakinka."

Ta ciro dutsen ta ajiye masa shi ma, ta ce ya ƙara a kayansa tunda yana da ƙarfin surutu.

Sauran tafiyar wahala ce. Wuyan da ya shekara talatin a sunkuye ba ya miƙewa don an ce masa miƙe. Sai ta tsaya, ta dafa ƙugu, ta gantsare gaba ɗaya kamar mai tsohon ciki, sannan ido ya kai sama. Amma ya kai. Ta ga birai masu farin gemu a jere kan reshe suna kallonta kamar dattawan gari. Ta ga saƙar zuma, kowace kamar faifai, a manne a goshin wani dutse da ta sha bi ta ƙarƙashinsa tana mamakin abin da ke harbinta. Ta ga ruwa na zubowa daga inda ba ta taɓa zaton akwai wuri ba. Masu shagunan hanya suna tambaya ina baƙinta, tana cewa suna tafe a cikin rigarta. Wani yaron Bature ya miƙa mata tsabar kuɗi ta riƙe masa jaka a wani hawa, ta cire tata jakar ta miƙa masa. Ya tsaya riƙe da ita, bai san inda zai sa kansa ba.

Ta iso masaukin ƙarshe rana ta yi sanyi, gajimare ya rufe ƙarshen kwarin ruf. Kowa a nan ya san halinsa: yakan yage kaɗan dab da faɗuwar rana, sannan ya ɗinke. Ƙafarta ta nufi ƙofar baya da kanta, ta tsawata mata. Ta hau matakalar gaba, ta kama ƙofar tana ja tana zagi, ashe turawa ake yi. Ciki ɗumi, murhu a tsakiya, safa a rataye suna tururi, Turawa kaɗan kowa ya duƙa kan wayarsa. Bencin taga babu kowa. Ta jingina jar jakar a cikin jakunkunan baƙi, ta zauna, ta gyara zani.

Mai masaukin, Gyalbu, ya fito yana murmushin baƙi, murmushin ya mutu a rabin hanya. Ta san shi tun yana yawo ba wando da majina har baki. Ubansa da mijinta sahu ɗaya suka yi. Yanzu ya yi tumbi da kumburarriyar riga. Ko da bai san fuskarta ba, ai goshi ya gaya masa: layin nan sumul inda namlo ya cinye gashi.

"Ama, uwata, sannu da hanya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kicin na nan inda kika bar shi. Akwai shayi da zafi."

"Kawo shi nan. Da wancan burodin mai tuffa da jan mutumin can ke ci. Na sha ɗauko garinsa, bari in ji ko ya kai ciwon bayan."

"Ama, kin san yadda ake yi."

"Na sani. Masu dako a kicin. Ka ga kwando a bayana?"

Ya waiga. Ƙofar kicin ta ɗan buɗe, kawuna sun jeru a tsagar, na Birkha a sama yana washe haƙoransa biyu. A waje kuma ga ƙarar sanduna, wani ayarin Turawa ya iso da jagoransu, suna karkaɗe takalma.

"Jagoran nan tun safe ya aiko a ajiye musu taga," in ji Gyalbu. Zufa ta fara tsattsafo masa duk da sanyin. "Ki rufa min asiri. Ki ci a kicin, shinkafa da miya har ki ture, ba zan karɓi komai ba. In gajimaren ya buɗe ki leƙa ta bayan ɗakin itace, ai dutsen ɗaya ne."

"To kai su bayan ɗakin itacen, tunda ɗaya ne."

Wani ya tuntsire da dariya a kicin, aka toshe masa baki.

"In na bar ki yau, gobe duk mai kwando ya cika min ɗaki."

"Sai ka ƙara benci. Ubanka ya iya sassaƙa, ko bai koya maka ba kafin ka yi tumbi?"

Turawan suka shigo da hayaniya, suka nufo taga, suka tsaya cirko-cirko ganin tsohuwa ta baje a tsakiyar benci. Ta matsa kaɗan ta bubbuga gefenta, wuri dai akwai ga mai so. Jagoran ya harari Gyalbu. Shi kuma kunya ta koma masa fushi, ya manta da raɗa.

"Ama, kada ki sa in yi abin da ba na so! Wannan wuri ba na 'yan gida ba ne. An yi shi ne don mutanen da suka zo daga nesa!"

Daidai nan haske ya sauya a ɗakin. Gajimaren ya tsage daga sama, wani abu ja kamar garwashi ya leƙo, tsagaggen kan dutsen kalandar nan da faɗuwar rana ta rina, can inda babu mai hankalin da zai nemi ƙasa. Chinimaya ta sa tafin hannu a haɓa ta tura kanta sama da ƙarfi, wuyan ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ba ta juyo ba, ba ta ko ƙifta ba. Abin da ta ce shi ya rufe maganar, Gyalbu ya juya ya tafi ɗauko shayi.

"Daga nesa? Su kwana ɗaya suka yi a jirgi, ɗana. Ni shekara talatin na yi a hanya daga kicin ɗinku zuwa bencin nan. Matsa, ka tare min."