Ɗakin Baƙin Yashi

Ni birkila ne, kuma a unguwarmu ta bayan Bukuru na daɗe ina cewa ba wanda ya kai ni iya fulasta, har mutane suka gaji suka yarda. Ba wani asiri gare ni ba illa baƙin yashin da masu tace kuza suke zubarwa a bayan injinsu. Ga laushi ga nauyi, in ka shafe bango da shi sai ya fito sumul yana ƙyalli. Da shi na shafe ɗaki guda a gidana, kuma duk mai son ba ni aiki can nake kai shi ya sa hannu ya taɓa.

Da 'yata ta fari ta dawo gida wankan jego, wannan ɗakin muka ba ta. Uwarta ta toshe tagogi da tsummoki saboda sanyin Jos, aka shimfiɗa wa jaririn a jikin bango.

Ana cikin haka sai wata malama daga jami'a ta shigo unguwa, tana bin gida-gida da wata na'ura mai kama da ƙaramar rediyo. A tsakar gidana na'urar takan yi ƙyas, ta yi shiru, ta sake yin ƙyas. Ba ta ma nemi shiga ɗakin ba. Ni na ja ta, don ta ga aiki. Tana kai na'urar jikin bango sai ta ɓarke kamar ana suyar gyaɗa.

Ta ce, "Baba, da wane yashi aka shafe nan?"

Na gaya mata, har da murmushina.

Ta ce, "Yashin nan yana fitar da wani tururi da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Ba rana ɗaya yake illa ba, a hankali yake yi. A fitar da mai jego da yaron. In babu hali, ko tagogin a buɗe."

Matata ta ce, "A buɗe wa mai jego taga? Malama, kin taɓa haihuwa kuwa?"

"Na haihu, Mama."

"To a Ikko kika haihu, ba a nan ba."

Na yi dariya. Na ce ubana a ramin kuza ya tsufa, ya mutu da haƙoransa cif. Na tambaye ta ko za ta iya rantsewa yaron zai yi ciwo.

Ta ce, "Ba zan rantse ba, Baba. Abin da na auna shi na gaya maka."

Na raka ta har ƙofa, ban ce ta sake dawowa ba.

Da yamma 'yata ta same ni ina wanke hannu. Ta ce, "Baba, ko in koma ɗakin Inna?"

Na ce, "Ɗakin da na shafe da hannuna ne bai yi miki ba?"

A ciki ta yi arba'in, tagogi a toshe.

Ba wai ban yarda da malamar ba ne. Na ji kukan na'urar da kunnena. Abin da na hango shi ne, in aka ga mai jego ta canja ɗaki, unguwa za ta tambayi dalili, kuma duk wanda na shafe wa gida da yashin nan zai tsaya a ƙofata. Na auna sunana da jikana, na zaɓi sunana. Allah ya yafe mini.

Sai da ta koma gidan mijinta na ɗauki guduma na farfasa fulastan, na ce wa maƙwabta danshi ne ya kama bangon. Masu injin kuwa har gobe suna zubar da yashinsu a fili, yara na hawa suna gangarowa.

Yaron yanzu yana gudu, kuma a ido lafiyarsa ƙalau. Amma duk tarin da ya yi a gabana sai na ajiye abin da ke hannuna, kuma ba wanda zai iya ce mini komai ya wuce.

Daminar da ta gabata 'yata ta kawo shi gaisuwa, ruwa ya tsare su. Uwarta ta yi musu shimfiɗa a ɗakin, wanda yanzu farin yashin rafi ne a jikinsa. 'Yata ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi bangon, ta dube ni.

Ta ce, "Bar shi, Inna. Za mu samu keke napep."

Ta goya shi, ta lulluɓe shi da mayafinta, suka fita cikin ruwan.