Tsohon Da Ya Fitar Da Ni Daga Sahu

Shekarar da cuta ta hana mutane zuwa Makka abin nan ya same ni, bayan an gama yankan hatsi, kuma wallahi ba a bakin wani na ji shi ba. Lokacin ina tuƙa wa wani ɗan kasuwar albasa a Madawa, Alhaji Illa, kuma bai jima da sayen wata kat-kat, irin motar nan mai ja da taya huɗu, mai shan gazuwal, wato dizal, da aka kawo daga Turai ba.

Tun watan farko na lura motar tana da wani hali. Muna cikin tafiya sai muryar injin ta yi kauri, in na tsaya sai in ji yana gudu sama da yadda ya saba alhali ƙafata ba ta kan komai, ga wari kamar ana ƙona roba, ga fanka tana hurawa ko bayan na zare makulli. Ni kuwa da ta fara sai in kashe ta, don tsoro. Ana haka wata fitila ta kama a tablo, allon da ke gaban direba, da rubutu a gefenta, ni kuma a lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, ko harafi ɗaya ban sani ba. Sai na kai ta gun Ada bakanike.

Ada ya shiga ƙarƙashinta ya ƙwanƙwasa wani ƙarfe mai kama da tulu a jikin bututun hayaƙi. Ya ce wannan matata ce, ita ke kama baƙin hayaƙi kada ya fita, in ta cika kuma injin da kansa yake ƙara gazuwal ya zafafa ta har baƙin ya ƙone ya koma toka. A kan kwalta, in ana gudu mai tsawo, aikin kan yi kansa ba ka ma sani ba, amma hanyoyinmu na dutse da ake rarrafe a kansu ba sa barin ta ta yi zafi.

"Kai ke katse mata wanka kullum," in ji shi. "In ta fara, bar ta ta gama. In ka ci gaba da kashe ta, wata rana za ta ƙi ja, man injin ma ya lalace."

Da na faɗa wa Alhaji sai ya yi dariya ya ce, "To, mun sayo wadda ta hi mu tsabta."

Na kiyaye maganar Ada, muka zauna lafiya da motar, har ranar da muka tafi ɗaurin auren ɗan abokin Alhaji, Malam Nomau, a wani ƙauye gaba da Buza ta wajen Deule. Muna sauka daga kan dutse, saura kaɗan mu isa, ta fara wankan nata. Na ji muryar, na ji warin. Na ce wa Alhaji bari in zagaya da ita ta gama, ya ce ana kiran azahar, bayan salla za a ɗaura, ba zai sa a jira shi saboda mota ba.

To wanda ya san ƙauyukanmu ya san in ana tsammanin baƙi masu mota, inda rairayi yake da laushi akan shimfiɗa karan hatsi don kada taya ta nutse. Mutanen Malam Nomau sun shimfiɗa shi da kauri, don girmama Alhaji, a wuri mafi inuwa, wato tsakanin rumbunan gidan, waɗanda aka cika da hatsin shekara ba a fi 'yan kwanaki ba. Suka yi mini nuni da hannu, na hau kan karan, har ina jin shi yana gogar cikin motar. Na kashe, don ba ka barin inji yana ruri a kan mutane suna salla. Na yi alwala na shiga masallaci.

Na samu wuri a ƙarshen sahu na biyu. Ladan ya fara tada iƙama ke nan sai aka taɓa mini hannun hagu. Wani tsoho ne gajere, da farin gemu, rigarsa da busasshiyar laka a bakin hannu, babban yatsansa a karkace kamar ya taɓa karyewa. Bai ɗaga murya ba.

"Direba, tahi ka ɗauke motarka bisa hatsina."

Na ce, "Baba, a gama salla tukun."

"Salla ba ta gudu. Tashi."

Ku da kuke karantawa kun san nauyin fita daga sahu bayan an tada iƙama, kana baƙo, ga maigidanka a gabanka. Amma wallahi ban san lokacin da ƙafafuna suka fitar da ni ba, takalmi ɗaya kawai na samu na zura.

Daga nesa ban ga komai ba, sai fankar da nake ji tana hurawa, da ƙarfe yana ƙas-ƙas yadda yake yi in yana hucewa. Da na sunkuya sai na ga karan da ke manne da matatar nan ya yi baƙi, jan wuta yana bin sa a hankali kamar garwashi. Na faɗa ciki na murɗa makulli ina salati, ta tashi, na ja ta waje har kan dutse. Ashe motar ce ta danne wutar, ina ɗauke ta iska ta samu hanya, sai harshe ya miƙe ya nufi rumbun farko.

Na yi ihu. Maza suna cikin salla, mata ne suka ji ni, masu dafa abincin biki. Suka zo da ruwan da aka ɗebo don girki, wata har da tukunyar miya, wasu suna watsa rairayi da ƙwarya, ni kuma ina jan karan da bai kama ba ina jefarwa nesa. Wuta ta lashi jinkar rumbu ɗaya, wata dattijuwa ta zungure ta da muciya ta faɗo ƙasa aka tattake. Kafin liman ya sallame an kashe ta. Na zauna a ƙasa.

Bayan an ɗaura aure Malam Nomau ya kira ni gefe ya tambaye ni yadda aka yi na sani. Na ce ba ni ba ne, tsohon da ke haguna ne, a nuna mini shi in yi masa godiya.

"Wane tsoho? Ni ina bayanka. Kai ne ƙarshen sahu, bango ke hagunka."

Na kwatanta masa gemun, da lakar, da yatsan. Ya dube ni ya ce, "Yatsan wane hannu?" Na ce na dama. Ya tashi ya tafi wajen rumbunan ya dafa ɗaya ya tsaya.

A hanyar komawa na tambayi Alhaji. Ya ce mahaifin Malam Nomau magini ne, shi ya gina rumbunan nan da hannunsa, kuma shi Alhaji yana cikin waɗanda suka kai shi makwancinsa tun da daɗewa. Na buɗe baki zan tambayi yatsan, ya ce, "Dubi hanyarka." Har muka rabu ba mu sake tada maganar ba. Ni dai ban ce shi ne ba, Allah ne masani, amma har yau in aka taɓa mini hannu a sahu sai tsikar jikina ta tashi kafin in waiwaya.

'Yan'uwana direbobi, in motarku tana da matatar nan kuma ta fara ƙona baƙinta, ku bar ta ta gama a kan hanya. In tsayawa ta zama dole, ku nemi ƙasa tsirara ko dutse, ko da a rana ne, ko da maigida ya shimfiɗa muku kara don karamci. Ku yi masa godiya ku ja gefe.

Abin da muka rasa ranar shi ne karan da aka shimfiɗa, da jinkar rumbu ɗaya, da tukunyar miyar biki, da tafin takalmina da ya narke. Hatsi kuwa ko zangarniya ɗaya ba ta ƙone ba.