Garwashin Yemar

A shekarar 1913, wadda dutsen tsibirinmu Ambrym ya yi aman wuta har cikin teku, na fara sanin Lengkon. Dawowata ke nan daga makarantar mishan, aka ce in koyar a ƙauyenmu. Masu bi a lokacin ba mu cika kwalekwale biyu ba.

Lengkon babban mutum ne. Ya yanka aladu masu lanƙwasassun haƙora don neman matsayi har ya samu murhunsa shi kaɗai a zauren maza, can kan tudu. A wurinmu kowane namiji daga wutar matsayinsa yake ci. Wanda ya ɗanɗana abin da aka gasa a wutar mata, girmansa ya zube ke nan.

Ran da ya ba da gaskiya, ya kwara wa murhunsa ruwa, ya gangaro bakin teku inda muke taruwa. Ya tsaya da ɗanyar doya a hannu. Kwarjininsa ya hana mu motsi. Yemar ce ta tashi, wata gwauruwa mai kaifin baki, ta ɗebo garwashi a ɓawon kwakwa.

"Ungo, Baba. Wutar mata ce, amma tana gasa doya."

"Ba za ta kashe ni ba?"

"In ta kashe ka, mu binne ka. Ai yanzu kana da 'yan'uwa."

Ya ci yana hawaye, ya ce hayaƙi ne. Aka yi masa baftisma da suna Barnaba. Bai iya karatu ba. Duk wanda danginsa suka kora saboda ya bi Almasihu, Barnaba zai je ya raba doyarsa biyu, ya ce, "Matso kusa da wuta, ɗan'uwa." Wa'azinsa ke nan gaba ɗaya.

Ban ƙara ganin zamani irin wannan ba. Jama'a ta yawaita, muka samu coci mai rufin kwano da kujeru da dattawa. Sai ƙanen Barnaba ya mutu bai tuba ba, shi kuwa ya kai alade wurin makoki bisa al'adar gargajiya. Dattawa suka hana shi cin Jibin Ubangiji tare da masu bi. Mai sanar da shi Sailas ne, wanda Barnaba ya ciyar a dā lokacin da uban Sailas ya kore shi.

"Baba, har yanzu ƙafarka ɗaya tana zauren maza."

"Wane zaure, ɗana? Kare ma ya fi ni wurin zama a can. Ƙanena ne fa."

"Doka ce."

"Da ka zo mini da yunwa, doka ka ci?"

Na sa baki, aka ce malami ya tsaya ga allonsa. Mutanen tudu ba sa ci da shi, mutanen teku ma suka janye. Ya koma cin abinci shi kaɗai kamar dā, sai dai babu girman. Har ya mutu ba a mayar da shi ba.

A shekarun nan da aka ware Barnaba, Yemar ta kamu da kuturta. Aka yi mata bukka bayan gonar kwakwa. Muna ajiye mata abinci a kan dutse, muna ambatonta a addu'ar Lahadi. Yatsunta sun tafi, ba ta iya murza itace ta ƙyasta wuta, amma kullum hayaƙi na tashi daga bukkar, ba wanda ya tambayi dalili.

Wata safiya na kai abincin da wuri, na hango Barnaba yana ɗingishi, ɓawon kwakwa cike da garwashi a hannunsa. Bai tsaya a dutsen ba. Ya shiga, ya durƙusa, ya hura.

"Kai ne kuma, tsohon banza?" in ji Yemar.

"Ni ne, Inna. Wutar korarre ce, amma tana gasa doya."

Ya raba doyar biyu, ya sa mata rabi a baki.