Farar Motar Gassan

A kan zaitun Mu'allim Wafiƙ ya sha kayen da unguwar Basta ba ta manta ba. Shekarar da wutar lantarki ta yi ƙaura daga Beirut, matarsa Nuhad ta jiƙa zaitun da tafarnuwa a ruwan gishiri har kwalba talatin, ta rasa inda za ta adana su. Sai ta sauko gareji ta jera su a but ɗin jar motarsa.

"Nuhad, motar tsere ce fa, 'yar Italiya! Kin mayar mini da ita rumbu?"

"Tseren me? Wata takwas tana tsugune kamar kaza a kan ƙwai. Ni ban ga ta tsere da komai ba sai kuɗin cefane."

"Ki ji tsoron Allah, Ummu Ziyad."

"Kai dai ka ji. Gobe in ka miƙo hannu neman zaitun, baƙin mai zan tsiyaya maka a faranti, ka dangwala da burodi."

Mu'allim ya koma kan aikinsa. Ranar da ya fita gwada motar, kwalba biyu suka fashe a kwanar farko, ruwan ya bi ta ƙarƙashin kujeru. Daga nan duk wanda ya shiga jar motar, ko da kwat ya shiga, da warin tafarnuwa zai fito.

Wafiƙ makanike ne, gajere, mai kunnuwa kamar an bar ƙofofin mota a buɗe. Jar motar nan a wargaje ya saye ta, daga hannun wani ɗan masu kuɗi da ya gaisa da bango. Shi ya tashe ta. Da yaƙin basasa ya hana kayan gyara shigowa, ya ciro injin wata motar ya dasa mata. Ya yi mata fenti sau huɗu. Kowace Lahadi yakan ɗauki Nuhad su hau dutse, tana riƙe da ɗankwali tana tsine wa duk wanda ya ƙera mota ba rufi.

A ƙuryar garejin kuma akwai wata, fara, 'yar Jamus, a lulluɓe da tamfol. Ta ƙanensa Gassan ce. Gassan ya yi aiki a Kuwait, ya dawo ya sayo ta sabuwa fil. Wata Litinin a shekarar tamanin da biyu ya kawo ta, ya cillo wa yayansa makulli.

"Yaya, a canza mata mai. Kada ka taɓa mini kujera, na san gajerun ƙafafunka. Alhamis zan zo in ɗauka."

Ya tafi da ƙafa. A wani shingen 'yan bindiga aka ce ya tsaya, ya tsaya. Iyakar abin da aka sani ke nan. Uwarsu ta yi shekara goma sha tara tana yawo da hotonsa daga ofis zuwa ofis, har ta mutu da shi a jaka. Wafiƙ bai taɓa riƙe hoto ba. Shi dai duk shekara yana canza wa motar mai, ya tashi injin ya saurara, ya kashe, ya mayar da tamfol. A bakin kujerar yake ɗosanawa, don kada ya matsar da ita.

Nuhad ta rasu shekarar da bankuna suka haɗiye ajiyar mutane. Masu sauran abin hannu suka daina yarda da kuɗin takarda, suka koma tara abin da za su iya kullewa a gareji. Tsofaffin motocin tsere suka yi tashin da ko zinariya sai ta yi kishi. Ana cikin haka mai filin garejin ya sayar, za a gina bene. Aka ba Wafiƙ wata biyu. Ɗansa Ziyad yana da wurin ajiye mota a ƙasan gidan da yake haya, amma na mota ɗaya ne tak.

Ziyad ne ya kawo dillali, wani Hawaja Raimon, mai turare kamar an yi ɓarinsa a kanti. Wafiƙ ya goge jar motar tun safe har tana ɗaukar ido. Raimon bai ko kalli fentin ba. Ya buɗe gaba, ya haska lambar inji, ya haska ta jiki.

"Mu'allim, wannan injin ba nata ba ne."

"Ya fi nata. Ni na sa shi."

"Matsalar ke nan. Fentin ma ba nata ba. Masu tara motoci yadda ta fito daga masana'anta suke so. Duk inda hannunka ya taɓa, daraja ta ragu." Ya yamutsa hanci. "Wani abu ya mutu a ciki ne?"

"Zaitun ne," in ji Wafiƙ.

Shekara hamsin na gwaninta, aka ce ɓarna ya yi. Da Ziyad ya yaye tamfol ɗin farar motar kuwa, sai Raimon ya shiga zagaya ta. Fentin asali, tayoyin asali, duk tafiyar da ta yi ba ta kai zuwa birnin Dimashƙu da ke nan kusa sau goma ba. Har kwalin sigarin Gassan yana nan a aljihun ƙofa. Raimon ya ce wannan za ta sayi gida mai kallon teku, kuma baɗi sai ta fi haka. Ya kama hannun ƙofa zai zauna, Wafiƙ ya bige masa hannu da tsumman mai.

"Takardunta da sunan wa?" in ji Raimon, yana goge yatsu.

Da sunan Gassan suke. Kafin a sayar sai an je kotu an rubuta cewa ya mutu, magada su gada. Wafiƙ kaɗai ya rage da zai sa hannu.

Ziyad ba mugu ba ne. Nasa gumin ma banki ya cinye, ga 'ya'ya mata biyu da yake so ya fitar waje karatu. Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya turo surukai. Wafiƙ yana jin su yana wanke sifana.

Ana saura kwana uku a rushe garejin, Wafiƙ ya sayar da jar motar ga wani mai ba da hayar motoci ranar biki, don amare su ɗauki hoto. Kafin a tafi da ita ya buɗe but, ya sa kansa a ciki ya daɗe, kamar mai neman abin da ya faɗi. Ba abin da ya faɗi. Warin yake shaƙa. Sannan ya rufe a hankali, ya juya baya, bai kalli fitarta ba.

Ziyad ya iso ya tarar da janwe tana ɗaga farar motar, za a kai ta wurin ajiyar nan na gidansa. A tsakiyar titi ya fashe, mata suka leƙo ta baranda.

"Baba, ka ba da motar Mama a banza! Ka riƙe wadda ba za ka hau ba, ba za ka sayar ba, ƙafarka ko birkinta ba ta kai! Jikokinka fa? Don Allah ka faɗa da bakinka ko sau ɗaya. Shekara arba'in, Baba. Baffa Gassan ya mutu!"

"Ka ga gawarsa?"

"Ba wanda ya gani, amma..."

"To ni gyara aka kawo mini. Tunda na buɗe gareji ban taɓa sayar da motar mai kawo gyara ba."

"Ai Alhamis ya ce zai zo ya ɗauka!"

Wafiƙ ya ja igiyar tamfol ya ɗaure tam, ya sa makullin a aljihun gaba.

"Haka ya ce. Ya gaya maka wace Alhamis?"