Ƙusar da ke Soronmu

Shekarar da na gama sakandare wani ɗan dako ya fara kwana a soron gidanmu a Kabara. Limamin masallacin layinmu ne ya kawo shi wurin Baba, ya ce mutumin ƙauye ne, yana ɗaukar kaya a kasuwar Kurmi, ba shi da ɗaki. Baba ya ce ya shimfiɗa tabarmarsa. Tun zamanin kakanmu soron nan bai taɓa rabuwa da baƙo ba.

Tsaftarsa ce ta jawo masa magana. Riga biyu gare shi, ta dako da wata fara. Duk Alhamis sai ya wanke farar, ya kai wa mai guga, ya dawo ya rataye ta a wata ƙusa da ya kafa a bango, ya lulluɓe ta da leda. Farcensa kullum a yanke. In ka ratsa soron da safe, ƙamshin sabulu ne zai tare ka.

Ni a lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya na haya, don haka ban taɓa yarda ɗan dako ba ne. Na riga na yanke cewa ɗan wani attajiri ne ya ɓad da kama, yana neman wadda za ta so shi don Allah. Har jira nake ranar da doguwar mota za ta zo ɗaukarsa, a lungun da ko adaidaita sahu ba ta iya shiga.

Gwaggo, yayar Baba da ke zaune tare da mu, ita ma ba ta yarda ba, sai dai nata zargin daban.

"Mutum ba shi da ɗaki, me ya haɗa shi da guga?" in ji ta. "Kuma kin ga an aika masa da ɗumame ya dawo da shi? Ni mai jikoki ina ci, shi ɗan gidan uban wa ne?"

Ana cikin haka aka fara ƙwacen waya a bakin lungunmu. Maƙwabta suka soma cewa dole akwai mai nuna wa ɓarayin wanda za su tare, kuma wa ya fi mai kwana a soro sanin shiga da fitar mutane? Ni ma na shiga lura da shi ta tsagar ƙofa. Duk abin da na ɗauka a da alamar ɗan gata ne, sai ya koma mini alamar mai ɓoye wani abu.

Wata rana yana kasuwa Gwaggo ta zazzage jakarsa. Sabulu, asuwaki, allura da zare, ɗan madubi, man shafawa, da reza sabuwa. Rezar ta kai wa Baba riƙe da bakin zani.

Bayan la'asar Baba ya zaunar da shi a soro. Ni aka aika da ruwa, na ajiye, na tsaya bayan ƙofa.

"Malam, mutane suna magana," in ji Baba. "Suna cewa tsaftarka ta fi ƙarfin aikinka."

"Alhaji, wa zai ɗora wa ƙazami kayansa?" Muryarsa a kwance take. "Mai ɗaki in ya kwana biyu bai yi wanka ba, a ce aiki ne ya sha kansa. Ni in na yi haka, yara za su fara bi na da jifa. Na ga wanda aka yi wa. Lafiyarsa ƙalau ya zo garin nan."

"Abincin da ka mayar fa?"

"Lokacin zafi ne, Alhaji. In cikina ya ɓaci bayan an rufe gida, ƙofar wa zan buga?"

Baba ya ce shi bai kama shi da laifi ba, amma ba zai iya zama da maƙwabta suna kallon gidansa haka ba. Gara ya nemi wani wurin.

Na zaci zai yi roƙo, ko ya miƙe ya bayyana ko shi wane ne, kamar yadda ake yi a babin ƙarshe. Sai ya ɗaga kai ya dubi bango.

"Wurin kwana ba zai gagara ba, ko rumfar kasuwa ce. Inda zan rataye rigar ne ba ni da shi. A bar mini ƙusar."

Baba ya bar masa.

Daga ranar bai sake kwana a gidanmu ba. Rigar kuwa tana nan cikin ledarta. Ranar Juma'a da hantsi sai ya yi sallama, ya saka ta a soro, ya tafi masallaci, da yamma ya dawo da ita. Ƙwacen waya bai tsaya ba. Gwaggo ta ce ai wannan bai wanke shi ba, tunda har yanzu yana shigowa lungun. Duk Asabar sai ta fita soro ta laluba aljihun rigar, sannan ta gyara mata ledar yadda ƙura ba za ta shiga ba.